Ranar da Na'ura Ta Toshe Ƙofofin Kakata

Shekarun baya, lokacin da na fara aikin da mahaifiyata ta daɗe ba ta yarda aiki ne ba, wani abu ya same mu a gida wanda har yau in na tuna sai tsikar jikina ta tashi. Jiya wani ya sa hoton tsohon Zongon garinmu Lomé a intanet, shi ya taso mini da shi. Bari in ba ku labarin, amma ku yi haƙuri, sai na fara da bayanin aikin, don ko a gidanmu sai da na yi bayani har maƙogwarona ya bushe.

Wani kamfani ne na waje da ke haɗa wa masu ƙera gem, wato wasan kwamfuta, kayan aiki. Mai gem zai zana taswira, da tituna da gidaje da katangu da duk inda ɗan wasa zai bi. In taswira ta yi girma, mutum ba ya iya bin ta lungu-lungu yana neman kuskure, sai a tura AI ya duba. Mu ɗan aike muke ce masa. Ɗan aiken nan ba ido ba ƙafa, ƙananan kayan aiki ake miƙa masa: wannan na auna faɗin hanya, wancan na duba katanga. Kowanne yana zuwa da bayaninsa a rubuce, kuma ɗan aike bai san komai a kansa ba sai abin da bayanin ya gaya masa. In an rubuta fari, fari ne a wurinsa. Ni kuma aikina in karanta bayanan, in gwada su, in ba su maki. Ya fito fili? Ya faɗi gaskiya? Ya bar wani abu a baya?

Mahaifiyata gwanjo take sayarwa a kasuwar Hédzranawoé. Ranar da na gama yi mata wannan dogon bayani, ta dube ni ta ce, "Wato kai malamin makaranta ne, amma ɗalibanka takardu?" In abokan kasuwarta suka tambaye ta me ɗanta yake yi, cewa take, "Yana nan yana danne-danne." Ni kuwa a lokacin ji nake duk Lomé babu mai ido irin nawa. In na kama bayani da ƙaramin kuskure, har miƙa nake yi a kan kujera.

Ina da aboki, tare muka taso, daga baya suka koma wajen unguwar Kégué. Shi mai zane ne na gaske. Wata rana ya shiga masa a ka sai ya gina tsohon Zongo a cikin gem, wanda yake tsakiyar gari kafin a tashi mutane a dawo da su inda muke yanzu. Wurin babu shi kuma, ko tubali ɗaya. Mu ba mu gan shi ba. Mahaifiyata tana 'yar ƙarama aka tashi, abin da take tunawa kawai motar kaya da kukan awaki. Wadda ta san shi ciki da bai ita ce kakata, wadda ta haifi mahaifiyata.

Sai ya zama duk Juma'a in an sauko masallaci abokina zai zo da goro da kwamfutarsa, ya zauna a tabarmar Kaka. Ni take kira maigida, irin wasan kaka da jika, shi kuma ta naɗa shi na biyu. "Maigida na biyu ya fi na farko," in ji ta, "shi yana kawo goro." Tana faɗa yana zanawa kai tsaye, ba ya rubuta komai a gefe. Nan masallaci, nan mai nama, nan durumin da tsofaffi ke zama. Kowane gida da rijiyarsa a tsakar gida. Gida ɗaya kawai, wanda ke jingine da nata ta baya, ta ce babu rijiya. Abokina ya ce, "Kaka, to ina suke ɗiban ruwa?" Ta ce, "Na ce maka babu," ta shiga wata maganar.

Da aiki ya yi nisa ya nuna mata duka. Ta daɗe tana kallo, sannan ta taɓe baki. "Ya yi kyau. Amma wannan Zongon maza ne."

A ranar na fara jin labarin 'yan ƙofofin. Ashe a da matan aure ba ta zaure suke zirga-zirga ba. A bayan kowane gida, bayan madafa ko kusa da makewayi, akwai wata siririyar ƙofa da ke shiga gidan maƙwabta. Sai kin karkata za ki wuce, in da tire a kanki sai kin sauke. Ta nan ake ɗebo wuta, ta nan ake kai wa mai jego abinci, ta nan gulma ke yawo kafin ladan ya kira azahar. Mace za ta ratsa unguwa daga wannan kai zuwa wancan ba ta taka titi ba, maza na zaure suna zaton tana ɗaki.

Abokina kamar ya yi hauka don murna. Ya shiga buɗe su ɗaya bayan ɗaya, Kaka na tsaye a kansa. "Rage. Ƙara ragewa. Kai ƙofar mota kake yi?" Har sai da ya koya wa ɗan mutumin cikin gem ɗin ya riƙa karkata kafaɗa in zai wuce. Wannan shi ne aikinsu na ƙarshe tare.

Bayan an gama ba da daɗewa ba jininta ya hau, ta faɗi. Ta tashi, alhamdu lillahi, amma kanta bai dawo daidai ba. Ta daina ce mini maigida. Wani lokaci ta kira ni da sunan ƙaninta da ya rasu tun ba a haife ni ba, wani lokaci ta tambaye ni ɗan gidan waye ni. Abin da ya rage mana na Zongonta shi ne taswirar nan.

To, ana nan sai kamfani ya turo mini sabon kayan aiki, na duba katangu. Wallahi ban taɓa ganin bayani mai kyau irin nasa ba. Komai a jere, ga misalai, ga Faransanci ga Turanci. A can sama an rubuta ɓaro-ɓaro cewa dubawa yake yi, ya nemo inda katanga ta yi giɓi, ya kawo rahoto. Tun kafin in gwada na cika masa maki. Saura gwaji. Taswirorin gwajin kamfani kuwa duk murabba'i ne kamar akwatin ashana, ni kuma ina son in burge, in ba shi wadda za ta sa shi gumi. Na kira abokina.

"Dubawa kawai ko?" ya ce.

"Dubawa kawai. Ga shi a rubuce a gabana."

Ya buɗe mini ma'ajiyarsa. Na haɗa ɗan aike da taswira, na ce duba katangu, na jawo kwanon wake da shinkafa. Ban kai rabi ba rahoto ya fito: babu matsala ko ɗaya a katangu.

Na yi mamaki, don na zaci zai lissafo ƙofofin Kaka a matsayin giɓi in yi masa dariya. Sai na ce kai, abin nan akwai basira, har ya gane ƙofofi ne! Na tura wa abokina saƙon yabo, har da tafi.

Bayan la'asar ya kira. Muryarsa kawai na ji na ajiye abin da ke hannuna.

"Buɗe taswira," ya ce. "Shiga gidan mai nama, ka je bayan madafa."

Na shiga. Katanga ce sumul, kamar yau magini ya shafe ta.

"Je na gaba."

Katanga. Na gaba ma katanga. Na ruga da ɗan mutumin nan gida-gida, ina ta inna lillahi. Babu ƙofa ko ɗaya. Ba ma alamar an taɓa yin ta, ba tabo, ba layi. Zongon maza ya dawo tsaf.

Na juya kan ɗan aike na rubuta masa, me ka yi? Ya amsa cikin ladabi cewa bai canja komai ba, kayan aikin da ya yi amfani da shi na dubawa ne kamar yadda bayaninsa ya nuna. Abin da ya ƙara daskarar da ni shi ne ba ƙarya yake yi ba. Shi ma bai sani ba.

Sai da na rubuta wa kamfani kafin na gane. Ashe kayan aikin, kafin ya duba, duk giɓin da bai kai faɗin kafaɗar mutum ba cike shi yake yi da kansa, sannan ya duba ya ce lafiya lau. Su a can kowa ya san haka, shi ya sa ba wanda ya tuna ya rubuta. Wanda ya ba ni amsa har ya ƙara da cewa irin wannan giɓin kullum kuskuren mai zane ne, ai ba wanda zai yi ƙofa haka da gangan. Na karanta wannan layin na kasa rufe baki. Na tambaya ko ana iya mayarwa. Suka ce a'a, sai dai in akwai kwafi.

Kwafin da abokina ke da shi tsoho ne, tun kafin a fara ƙofofin.

Ya hau zem, babur ɗin haya, daga Kégué ya zo. Da ya zage ni da na fi jin daɗi. Zama ya yi a bakin gadona ya haɗa kai da gwiwa. Can ya ce da Faransanci, "C'est pas vrai," wato ba gaskiya ba ne. Can kuma, "Zan iya tuna wasu. Amma bayan gidajen nan duk kamarsu ɗaya. Ni ba wahalata nake ji ba. Wa zai sake faɗa mana?"

Mahaifiyata ta dawo kasuwa ta same mu kamar masu zaman makoki. Da ta ji abin da ya faru ta ce, "To, malamin takarda, maki nawa ka ba shi?" Na sunkuyar da kai. Ta kwance ɗankwali ta sake ɗaurawa, sannan ta ce, "Gobe da hantsi, in ta sha koko, ku kai mata. Lokacin ne kanta ya fi zama."

Na ce, "Mma, ni ma fa ba ta gane ni."

"Kai jiya-jiya ka zo. Zongo ya riga ka."

Washegari muka haɗa kwamfuta da talabijin ɗin falo don ta gani da kyau. Mahaifiyata ta fasa fita kasuwa, ta tsaya a bakin ƙofa. Kaka ta dube mu ta tambaya ko mu masu gyaran wuta ne. Abokina ya ce e, ya fara tafiya da ɗan mutumin a kan titi. Kaka na kallo kamar ba ta taɓa ganin wurin ba. Na fara cewa a raina mun wahalar da tsohuwa a banza. Sai ga masallaci ya fito, da durumi a gefensa. Kaka ta gyara zama.

"Shiga nan," ta ce.

Ya shiga gidan mai nama. Ta kai shi bayan madafa, ya tsaya gaban katanga.

"Karkata mana." Ta matso da fuska. "Kai! Wa ya yi wannan aikin banza? Ai nan ƙofa ce. Ta ina matarsa za ta ɗebo wuta?"

Ni da abokina muka kalli juna. Ya buɗe wurin da sauri. "Rage," in ji ta. Wallahi dariya da hawaye tare suka zo mini. Muka bi ta gida-gida, tana faɗa tana tsaki tana zagin maginin da bai san aikinsa ba. Wani wurin ta nuna nan take, wani wurin ta yi jim ta ce wuce, ban sani ba. Ko hakan ma mun gode Allah.

Har muka iso gidanta. Abokina ya tuna wannan sarai, don ita ce ƙofar farko da ta sa shi ya buɗe, wadda ke shiga gidan nan marar rijiya. Ya kai ɗan mutumin gaban katangar, yana shirin buɗewa ba tare da ya tambaya ba.

Sai na ji an damƙe mini wuyan hannu. Ban san tsohuwar nan tana da sauran ƙarfi haka ba. Idonta na kan katangar, fuskarta ta canja gaba ɗaya.

"Wa ya gaya masa?" ta ce.

"Wa, Kaka?"

"Abin nan. Wa ya gaya masa ni na toshe ta?"

Abokina ya ce a hankali, "Kaka, ai ke kika ce mini a buɗe take."

"Na ce maka haka," ta ce. Muryarta ta fito tar, irin wadda muka sani kafin ciwo. "Ƙarya na yi maka."

Ta ba da labarin ba ta dube mu ba. A gidan nan na baya akwai wata mata, 'yar ƙabilar Mina ce da wani mutumin Zongo ya aura. Amarcinsu kusan tare. Kaka ta koya mata Hausa, ita ta koya wa Kaka yarensu, ƙofar nan ko yini ɗaya ba ta huta ba. Kaka ta haifi 'yarta ta fari, yarinya ta fara tafiya, ita ma ta koyi bin ƙofar. Wata rana Kaka za ta shiga wanka, ta leƙa ta ce, ƙawa, kula mini da ita. Ƙawar tana suya, mai ya kama da wuta, ta juya ta kashe. Rijiyarsu a buɗe take.

"Da aka dawo daga kai ta," in ji Kaka, "na kwaɓa laka da hannuna na toshe. Tana tsaye ta can tana agoo, agoo. Kullum sai ta zo ta yi. Ina jin ta. Ban amsa ba."

Agoo ita ce sallamar mutanen nan in sun zo ƙofar gida, mai gida ya ce amee. Haka suka zauna katanga a tsakani har aka tashi unguwa. Su Kaka suka yo nan, mijin ƙawar ya kwashi iyalinsa suka yi wajen unguwar Kodjoviakopé, daga can aka ce sun tsallaka iyaka. Ba su sake haɗuwa ba.

Na juya wurin mahaifiyata. Ta zame ta zauna a ƙasa.

"Mma, kina da yaya?"

Ta gyaɗa kai. "An hana faɗa."

Na girma a gidan nan, na san wace tukunya ce ke yoyo, na san tarin kowa, amma ban san an taɓa yin wannan yarinyar a duniya ba.

Kaka ta saki hannuna. "Buɗe," ta ce.

Abokina ya buɗe. Wannan karon ba ta ce rage ba. Ɗan mutumin ya karkata kafaɗa ya shiga, ya tsaya a tsakar gidan da ba kowa, ba rijiya. Kaka ta jawo mayafinta ta rufe kai, kamar mai shiga gidan mutane.

"Agoo," ta ce.

Ba abin da ya motsa a talabijin. Ta jira. Ta sake, da ɗan ƙarfi, "Agoo."

Daga bayanmu, daga ƙasa inda take zaune, mahaifiyata ta ce, "Amee."

Kaka ba ta waiwaya ba. Ta yi ajiyar zuciya mai tsawo. "Na daɗe, ƙawa," ta ce. "Ki yafe mini. Ba ke ba ce. Kwananta ne ya ƙare."

Kafin azahar ta koma tambayarmu ko mun gama gyaran wutar.

Na sauke makin nan har ƙasa, na rubuta dalili. Kamfani suka gode mini, suka ƙara layi ɗaya a bayanin, cewa kayan aikin yana cike ƙananan giɓi kafin ya duba. Layi ɗaya tak. Wasu ƙofofin ba mu sake samo su ba, don Kaka ba ta ƙara yin irin wannan safiyar ba, kuma damina na zuwa Allah ya karɓi abarsa.

Har yanzu ina irin wannan aikin, sai dai miƙar nan a kan kujera na daina. In bayani ya yi kyau sosai, tsoronsa nake ji. Tambayar farko da nake yi ita ce me masu shi suka sani har suka ga ba sai sun faɗa ba, kuma ba na ƙara haɗa ɗan aike da kayan kowa sai na yi kwafi. Amma gaskiya ba wannan ne ke tayar mini da tsikar jiki ba. Na'urar nan ba ta san komai ba, makauniyar toshewa ta yi wa unguwa guda, ga shi a wuri ɗaya ta faɗo daidai kan abin da gidanmu ya binne tun kafin a haifi mahaifiyata. Na juya abin ta kowane gefe, har yau ban san ko in tsine mata ko in gode mata ba.

Bayan rasuwar, abokina ya tambaya ko ya saka rijiyar, tunda yanzu mun san da ita. Mahaifiyata ta ce a'a, a bar gidan yadda Kaka ta so shi. A ranar ne kuma ta faɗi sunan yayarta da bakinta, karon farko da na ji shi. Da matata ta haifi mace bara, ban yi shawara da kowa ba, na sa mata wannan sunan. Mahaifiyata ba ta iya kiran sunan, sai dai ta ce Yaya. In yarinyar ta rarrafa ta nufi bakin ƙofa, duk abin da ke hannun Mma sai ta yar ta bi ta.